A Ƙarƙashin Kanofin Haya

Abbare, Jalingo
Satumba

Zuwa ga maigidana, Baban Barnabas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya gajiyar hanya, yaya Mutum Biyu? Ina fatan ka samu aikin shinkafar da ka je nema, ka kuma samu inda za ka sa haƙarƙarinka. Mu nan lafiya lau, in dai numfashi ake kira lafiya.

Sajo direba ne zai kawo maka wannan takarda. Ka san ambaliya ta haɗa wayata da ɗakinmu ta tafi da su, kuma ba na son aron wayar mutane, mai ita yana tsaye a kaina yana jin abin da nake gaya wa mijina. An ce ma fadamarku ba sabis.

Kanofinka na haya da ka kafa mana a kan filin ɗakin yana nan tsaye. Na zagaye shi da tamfol da buhuna, na danne bakinsa da bulon da ya rage na bango, na ɗaura gidan sauro a jikin ƙarafa. Da rana ciki kamar tanda, sai na kai Success gindin mangwaro ta sha nono. Da asuba kuma raɓa ce ke ɗiga a kanmu. Maƙwabta duk sun kwashe sun koma wajen 'yan uwa a tudu. Wadda ta rage ita ce Adda Hamna, tsohuwar nan mai sayar da nono. Ta leƙo ta yi dariya, ta ce, "Ke Dokas, mu a bukka muka girma. Wannan naki ai gidan sama ne." Ita ta nuna mini in zuba toka a kewaye saboda cinnaka, in kuma riƙa kwanciya a bakin ƙofa don kada yaro ya fita ban sani ba.

Ɗanka kuwa shi kaɗai ne ke murna a garin nan. Duk shekarunsa uku bai taɓa ganin kanofi ba sai inda ka je kafa wa masu biki, saboda haka a ganinsa biki muke yi. Kullum da safe sai ya jawo kujerun robar da suka tsira, ya jera su yadda kake yi, ya zauna yana kallon hanya. Yana tambayata, "Mama, baƙi ba su zo ba?"

Yaushe za ka leƙo mu? Success ta gaishe ka da haƙorinta guda.

Taka,
Dokas

Mutum Biyu
Satumba

Zuwa ga Maman Barnabas,

Alheri da salama na Ubangiji su kasance tare da ke da yara. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso ni, na karanta, na fahimta.

Na samu aiki a gonar wani mutum. Yanzu gadin tsuntsaye muke yi, in shinkafa ta nuna mu shiga yanka da casa. Ki ci gaba da zama a filin, don in kika ɗaga, ƙofa da taga da bulon nan ba za su kwana ba. Ki riƙa duba igiyoyi kowace yamma, musamman ta gabas, ƙarfen wajen yana da lanƙwasa. Kada ki hura wuta kusa da tamfol. Kada ki bar Barnabas yana jan kujeru a ƙasa, ƙafafunsu na karyewa.

Maganar zuwa, ki yi haƙuri. Na faɗa a gaban yayana George, na kuma faɗa a gaban dattawan coci, cewa ƙafata ba za ta taka Jalingo ba sai da kwanon rufi. Magana ta riga ta fita. Ni da nake kafa wa mutane kanofi su yi rawa su watse, a ce yau ni ne nake kwana a ciki da iyalina, mutane suna wucewa suna nunawa? Ba zan iya ba.

Ki gai da Adda Hamna, Allah ya saka mata. Ki riƙe addu'a.

Mijinki,
Tobiya

Abbare, Jalingo
Oktoba

Baban Barnabas,

Ina gaisuwa, da fatan tsuntsaye sun bar maka hular kanka. Na karanta takardarka har na haddace. Ka tambayi igiya, ka tambayi ƙafar kujera, sai ƙafata ce ba ka tambaya ba. Ba komai, ita ma ba ta karye ba tukuna.

Success ta fara rarrafe, kuma gidan da ba bango ba gidan mai rarrafe ba ne. Ran nan ina wanke zannuwanta, na waiwaya ba ta nan. Ta bi ta ƙarƙashin tamfol, na same ta a waje tana hira da akuyar Adda, bakinta cike da ƙasa. Yanzu ko bayi zan shiga, tana bayana.

Ranar Laraba da la'asar hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Ƙarfen nan naka na gabas ya fara rawa. Na rungume shi da hannu biyu, Success tana ihu a baya, Barnabas ya ƙanƙame ƙafata, ruwa yana shiga ta ko'ina. Na kira sunanka da ƙarfi, Tobiya, kamar kana bayan gida. Da iska ta lafa sai na ji kunyar kaina, na zauna a kan jiƙaƙƙiyar katifa na yi kukana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa nawa ɗakin duka yoyo ne.

Amma ba ruwan ne ya fi damuna ba. Shirun ne. 'Yan coci sun zo makon farko da garin masara, an yi addu'a, tun daga nan kowa ya kama gabansa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai in wuni ban yi magana da babban mutum ba in Adda ta tafi talla. Kana jin kunyar masu wucewa su nuna ka, ni kuwa da zan samu mai wucewa ya nuna ni, da na gode.

Barnabas bai daina jera kujeru ba. Na hana shi yadda ka ce, ya yi kuka har ya shiɗe, na ƙyale shi. Yanzu in ya gama yakan ware ɗaya gefe ya ce ta Baba ce.

Ban ce ka bar aiki ba. Lahadi ɗaya nake roƙo. Ka zo da safe ka koma da yamma, ba sai ka kwana a abin kunyar ba.

Matarka mai gadin bulo,
Dokas

Mutum Biyu
Oktoba

Zuwa ga Maman Barnabas,

Salama gare ki. Na ji abin da ya faru da iska, na gode wa Allah da ya tsare ku. Ki sa George ya zo ya ƙara wa ƙarfen turke.

Mun fara yanka, ba a ɗaga kai, ko ranar Lahadi daga sujada sai gona. Ga tiyar sabuwar shinkafa nan Sajo zai ba ki, ki ɗiba wa Adda. Kwano ya ƙara tsada, abin da na tara bai kai ko'ina ba. Wataƙila sai na tsaya noman rani.

Kada ki ɗauka ba na tunaninku. Ina yi. Amma in na zo na ga yaran a haka na juya, ban san ko ƙafata za ta iya dawowa nan ba. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan.

Mijinki,
Tobiya

Abbare, Jalingo
Nuwamba

Baban Barnabas,

Ina gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, don jiya an yi zaman makokinka.

Ka tuna Patricia ta Zumuntar Mata, ta cocinmu na dā a Barade? Shekaranjiya ta wuce ta hanyarmu a keke mai ƙafa uku. Ba ta san ɗakinmu ya faɗi ba. Ta hango kanofi, ta ga kujeru a jere, ta gan ni zaune a tabarma na yi tagumi, Adda tana gefena. Ba kiɗa, ba girki. Ta tambayi mai keke, ya ce shi dai ya daɗe bai ga maigidan nan ba. Shi ke nan, ta kai labari Barade. Sun nemi wayata ba ta shiga, taka ma haka.

Jiya da hantsi ina ba Success koko sai na ji waƙa daga bakin hanya. Mata ne cike da keke uku, sun yi anko, da kulolin abinci a kai, wasu tun daga nesa suna share hawaye. Barnabas ya yi tsalle yana ihu, "Baƙi sun zo! Mama, baƙi sun zo!" Ya ruga yana nuna wa kowa kujera, har yana goge su da rigarsa.

Tun da Patricia ta rungume ni ta ce "Sannu Dokas, Allah ya ba ki haƙuri," na gane abin da ya kawo su. Kalma ɗaya ce za ta raba gardama. Tobiya, ban faɗe ta ba. Wata ta karɓi Success daga bayana, bayana ya sha iska. Wata ta riƙe hannuna tana murzawa. Kujerun nan duka suka cika, har wasu a tabarma. Suka ɗauki waƙar ta'aziyya, ni kuma na saki kuka na gaske, ba na ƙarya ba, na bar su suka kai waƙar har ƙarshe. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji.

Adda ce ta dawo daga talla ta tarar da mu. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Subhanallahi, wa ya mutu? Mijin Dokas kam yana Mutum Biyu, ni na ci shinkafansa!" Wuri ya kaure, masu dariya na yi, masu salati na yi, Patricia kamar ƙasa ta tsage ta shige. Suka bar mana abincin suka tafi, kowa da labarin da za ta kai gida. George ya ji, zai rubuto maka faɗa, ka shirya.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi dariyarsa tare. Amma kafin Adda ta zo, wata ta riga ta shafa kan Barnabas ta ce masa maraya, ta gaya masa Babansa yana wurin Yesu. Yau da safe bai taɓa kujera ko ɗaya ba. Na ce masa kuskure aka yi, Babanka yana da rai. Ya dube ni ya ce, "To ina yake?" Na ce kana aiki. Ya ce, "Ƙarya ne. Mutane sun zo."

Na yi iya ƙoƙarina, bai yarda da ni ba. Ba ni da abin da zan nuna masa sai takardunka, shi kuwa bai iya karatu ba. Wannan karon ba na roƙon komai, na dai gaya maka ne.

Ka huta lafiya,
Dokas

Mutum Biyu
Nuwamba

Dokas,

Na gaishe ki, na gai da yara. Na karanta a bakin gona, ban iya komawa yanka ba.

Ki gaya wa Barnabas ya tsaya a bakin hanya ranar Asabar, mamacin zai sauka daga motar Sajo. Kwano ko falle ɗaya ban saya ba. George da dattawa su faɗi abin da za su faɗa.

Ki matsa mini wuri a katifa, zan kwana.

Naki,
Tobiya