Yabon da Ban Rubuta Ba

Laraba da dare, Maris 2006, Al Nahda

Edita ya sauya sharhina a kan sabon faifan waƙoƙin soyayyar Jamusawa, waɗanda suke kira schlager. Sau uku na saurare shi kafin na rubuta abin da na ji: waƙa goma sha biyu, kiɗa ɗaya, kowacce sai teku da farin wata. Yanzu shafin yana cewa muryar mawaƙiyar ta ratsa zuciyata, ga sunana a ƙasa. Ashe otal ɗin da ke ba mujallarmu talla ne ya gayyato ta.

Da na yi wa editan magana, wai, "Habibi, khalas, a bar zancen, wa ke jin Jamusanci a nan?"

Ni ina ji. Shekara shida na yi a can.

Na kira maɗaba'a a Al Quoz don su cire sunana. Mai gadi ya ce kamar an riga an buga, amma bai tabbatar ba.