Rumawan Kirikasamma

Zuwa ga Ishaya, tsohon ma'aikacin awon ruwa, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta Maman Rahila da yara, ina mai alfaharin sanar da kai, da duk wanda idonsa ya kai kan wannan takarda, sakamakon wani babban bincike da na kammala ranar Asabar da ta wuce: tulu ba ya nitsewa. Ni da kaina, da furfurata da tabarau, na saci tulun maiɗakina, na zuba masa gero rabi, na kife ƙoƙo a bakinsa na liƙe da laka, na gangara bakin kogin Hadejia da hantsi na sake shi. Ya tafi abinsa yana rangaji kamar attajiri ya fito daga ɗaurin aure. Wani masunci ya tare mini shi can ƙasa da gada. Da na yi masa bayanin binciken, sai ya dube ni da tausayi ya ce ai wannan ko kakarsa ta sani.

Na san ka gane inda na dosa. Amma saboda masu karatu, bari in dawo baya.

Ka zo garin nan ba a daɗe da yin jihar Jigawa ba, daga kudancin Kaduna, da akwatin ƙarfe ɗaya da mata da jaririya. Aikinka auna hawa da saukar ruwa a fadamu. Ni kuwa ina koyar da tarihi a sakandare, ina yawo da littafi a hammata don kada wani ya yi zaton ban yi karatu ba. Muka yi haya gida da gida. Da Kirsimeti shinkafarku ta tsallako katanga, da Sallah namanmu ya tsallaka. Kana ce mini Ticha, ina ce maka Injiniya, ko da yake dukanmu mun san takardarka ba ta kai nan ba.

A ofishinku akwai kwamfuta guda ɗaya, a ɗaki mai labule, an lulluɓe ta da zane kamar gawa mai daraja. Kai kaɗai ta yarda da shi. Ranar Asabar, in ka gama shigar da awon ruwa kafin man janareta ya ƙare, sai ka koma kan abin da kake ɓoyewa. Ranar da ka nuna mini shi, gumi kake yi kamar mai kai kuɗin gaisuwa. Wasan kwamfuta ne ka ƙirƙira da kanka. Birni ne na Rumawan dā a bakin kogi, abokan gaba sun yi masa ƙawanya, mai wasa shi ne shugaban birnin, aikinsa ya riƙe mutanensa da rai har dakarun ceto su iso. Gidajen ƴan murabba'ai ne, mutanen ɗigo-ɗigo. A gefen allo akwai rumbu, kullum hatsin cikinsa yana raguwa.

Ka ce hannu gare ka, ilimin yana wurina. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, kuma ban yi maka musu ba.

Kusan shekara biyu muna gina birnin nan. Na sa ka rushe ganuwar farko domin kuwa ka yi ta da kauri a gindi kamar ta ƙasa, na ce Rumawa da dutse suke gini. Na sa ka yi hasumiya a kowace kusurwa, da dandalin shawara a tsakiya, da gidan wanka, da magudanar ruwa a kan ginshiƙai. Na zana maka gungumen fasa ƙofa a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi. Ka yi kasuwa, na ce ta yi kama da ta Hadejia, har ina jin ƙaurin bandar kifi, ka gyara. Ba ka taɓa gardama ba. Sai dai ka ce to, Ticha, sannan ka goge.

Sai daminar da ruwa ya yi yawa. Aka tura ka wani ƙauye a bayan Kirikasamma, ruwa ya zagaye shi, hanya ta yanke, kwale-kwale kuma bai iya ratsa ciyawar kacalla. Ka yi kwana tara ka dawo da zazzaɓi da labari. Ka ce ka ga dangin mutanen ƙauyen da ke kan tudu suna cika tuluna da gero, su liƙe baki da laka, su saki a ruwa. Masunta su kwanta a kan gora su raka su, waɗanda suka kuɓuce kuma shingen kamun kifi ya tare su a ƙasa. Ka ce da wannan ƙauyen ya rayu. Idonka yana ƙyalli, ban sani ba ko zazzaɓin ne.

Asabar biyu bayan haka ka kira ni. A allon, ga wasu ƴan ɗigo masu ruwan ƙasa suna gangarowa a kogi, suna wuce sansanin abokan gaba, suna shiga ta ƙarƙashin ganuwa. Duk wanda ya shiga, rumbu ya ɗan ɗaga. Ka tsara shi yadda sai mai wasa ya lura da ruwa: in ya yi ƙasa tuluna su maƙale, in ya cika ya watsa su gaɓa. Ka juyo kana jiran abin da zan ce.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce maka Rumawa ba masuntan fadama ba ne. Na ce mutanen da suka mallaki duniya ba za su tsaya wasa da tulu ba. Na ce duk littafin da aka rubuta a kansu na karanta, babu wannan a ciki.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma labarin ya yi mini daɗin bayarwa. Da la'asar na kai shi majalisarmu ta gindin durumi, na ƙara masa gishiri, na kwaikwayi Kaisar sarkin Rumawa kwance a kan gora yana iyo da hular ƙarfe. Na ce Injiniya ya gano sabuwar ƙabila, Rumawan Kirikasamma. Kana zaune a bencin, kana riƙe da kofin shayi, kana murmushin da baƙo ke yi in ƴan gari suna dariya. Sunan ya bi ka. Har mai faci in ka wuce da kekenka sai ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe Kaisar.

Ka cire tulunan. Ba ka faɗa mini ba, na gani ne kawai kogin ya koma fayau.

Daga ranar ba a sake cin wasan ba. Ka gwada, na gwada, akawun ofishinku ya gwada. A rage rabon abinci, a yanka dawaki, a kori tsofaffi waje, duk ɗaya: rumbu ya ƙare saura kwana kaɗan ceto ya iso, ɗigon mutane su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a cikin kyakkyawar ganuwata ta dutse. Na ba ka shawarar ka ƙara girman rumbun. Ka ce wannan maguɗi ne. Abin da ka faɗa bayan nan har yau ina jin sa da muryarka: “Ticha, birninka ya yi daidai da littafi, sai dai kowa mutuwa yake yi a ciki.”

Na ɗauka wasa kake. Na ma yi dariya.

Ka daina zuwa ofis ranar Asabar. Ka daina zama a gindin durumi, ka ce shayi yana hana ka barci. Shinkafar Kirsimeti ba ta fasa zuwa ba, kuma wannan ya ishe ni hujjar cewa babu komai. Da aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Filato, ka shigo da safe ka miƙa mini faifan flofi mai ɗauke da wasan a cikin ambulan, ka ce in ajiye, ni ne mai birnin. Ban raka ka tasha ba, ina da takardun jarrabawa da zan duba. Ka rubuto sau ɗaya. Na ce sai na sami natsuwa in ba ka amsa mai kyau, irin wadda ta dace da malamin tarihi. Natsuwar ce ba ta zo ba sai yau.

Watan jiya gara ta shiga kantar littattafaina, dole na sauke su. A ciki akwai wani tsohon littafin yaƙe-yaƙen Rumawa, mai jan bango, wanda nake yawan buga maka a kan tebur in ina kafa hujja. Na buɗe don in ga ɓarnar gara, sai na tarar da tikitin motar Kano a inda na tsaya da karatu tun ina ɗalibi. Ishaya, ban kai rabi ba.

Na zauna na ci gaba daga wurin tikitin. Ban yi nisa ba na iske wani ƙaramin birni a bakin kogi, an yi masa ƙawanya, yunwa ta kai mutane ga cin fata. Wani kwamandan Rumawa da ke can sama da su a bakin kogin ya sa aka cika manyan tuluna da hatsi aka saki a ruwa. Suka yi ta isa, har ruwan sama ya cika kogin ya watsa su gaɓa, abokan gaba suka gani. Da aka tsare wannan hanya, sai aka riƙa zuba ƴaƴan itace a ruwan, mutanen birni suna tarewa da shingen kara. Har cikar ruwan da ka saka, tana nan. Birnin ya faɗi daga baya, amma ya daɗe yana numfashi, kuma da tulu ya yi shi.

Na karanta wurin sau uku. Sannan na je na duba tulun maiɗakina.

Kai ka je ka ga yadda mai jin yunwa yake yi in ruwa ya zagaye shi, ka gane cewa ko a wane zamani haka zai yi. Ni na ga hoton ginshiƙai a littafin da ban gama ba. Kuma ni aka saurara, don na fi ka baki, kuma garinmu ne.

Faifan yana nan a ambulan ɗinsa. Na kai shi shaguna uku, babu injin da ke da ramin da zai shiga. Ban sani ba ko birnin yana ciki har yanzu, da mutanensa tsaye a kan ganuwa suna kallon kogin da babu komai a kansa. Na tambayi labarinka wurin mutanen cocinku, wani ya ce Jos, wani ya ce ka koma gida. Duk wanda ya san Ishaya mai awon ruwa, mijin Maman Rahila, don Allah ya kai masa wannan.

Allah ya sa kana raye cikin lafiya. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa ka samu abokan da suka fi ni kunne. Allah ya haɗa fuskokinmu tun da sauran ƙarfi, in raka ka tasha ko da sau ɗaya ne.

Ka mayar da tulunan, Injiniya. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure.

Naka har kullum,
Ticha, maƙwabcinka na bayan katanga.