Benen Kasablanka Ya Tsira

Ijja, ba za a rushe benen ba! Jikata Tuda, mai karatun zanen gine-gine, ita ta tsaya gaban hukumar birni har suka janye.

Af, ban ko gaishe ki ba. Ƙanwata, ya gida, ya mutanen Tafrawut? An samu ruwa bana?

Kin san tun ina da baƙin gashi nake gadin benen nan. Da sun rushe shi, da na dawo muku da tabarma kawai. Tuda ta kai musu zanen ƙofar ƙarfen da nake gogewa kullum, mai siffar fitowar rana. Ta ce Art Deko ake kiran irin wannan gini, sunan kuma daga wani baje kolin kayan ado aka samo shi, wanda aka yi a Faris a 1925. Na ce, "'Yar nan, ashe ƙofata tana da dangi har Faris?"

Jiya aka kafa allo mai tarihin benen a bango. Bushaib mai shayi ya ce, "Tsoho, matsa a karanta maka." Na ce, "Riƙe butarka dai!" Na karanta da kaina, a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci na yamma. Tuda har da hawaye.

Lafiyata ƙalau. Ɗakina na ƙarƙashin matakala yana ɗan yoyo, gwiwa ma takan yi magana, amma ba komai.

Ni ne yayanki Bihi. Allah ya raya zuri'a. Ki kwaso kowa, har tsoho Lahsen da sandarsa, ku zo ku gani da idonku!