Jakar Ruwan Tafiya Kachia

Mubarak maigidana,

Na wuce asibiti awon hawan jini, ban so in tashe ka ba.

Na ji abokan hawanka suna cewa wai babbar jakar ruwa ta goyo ita ce ta doguwar tafiya a kan doki. Wa ya gwada? Jiya da ka fita, gidan ya yi mini shiru, sai na cika jakunkuna biyun da ka aro da ruwa, babbar da ƙaramar. Na goya kowacce ƙarƙashin hijabi, na shiga Keke Napep zuwa Kamazou na dawo. Mai keken har cewa ya yi, "Hajiya, a gyara wa jika kai."

'Ya'ya shida na goya, na san goyon da ke kashe baya. Rabona da jin wani abu a bayana shekara talatin ke nan. Ƙaramar ban sauke ta ba sai la'asar.

Ita za ka ɗauka, ka riƙa ƙara ruwa a hanya. In kun isa Kachia ka kira ni, kwana huɗun nan daga ni sai rediyo.

Babbar tana dukan ƙugu a kowane rami, ta saɓule mini kafaɗa. Ƙaramar mai maɗaurin ƙirji ba ta motsi.

Kakarka