Ƙorafi Kan Umarnin Fitar da Akwatin Kifin Baba

Daga:
Mazaunin Gida Mai Lamba Tara,
Hawa na Biyu.
11 ga Maris.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Mazauna Gini,
Ofishin Kwamiti, Hawan Ƙasa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: UMARNIN KWAMITI NA RANAR 6 GA MARIS CEWA IN FITAR DA AKWATIN KIFI DAGA FALONA KAFIN ƘARSHEN WATA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina rubuto wannan takarda cikin ladabi domin in nuna rashin gamsuwata da umarnin da na tarar an manna mini a ƙofa. Na san a ginin nan an laƙaba mini Ministan Ruwa, kuma na san ba don girmamawa ba ne. Ban zo neman a cire mini sunan ba, domin ni na jawo wa kaina. Akwatin nake roƙo a bar mini, bisa dalilan da ke biye.

1. Mahaifina tsohon direban bas ne. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka dawo da shi wurinmu. Mutumin da a da in ya yi magana a tasha sai an jiyo shi a bakin titi, ya koma zama a kujera yana kallon bango, sai dai ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Likita ya ce a samar masa abin kallo mai motsi. Talabijin ɓata masa rai take yi. Shi ya sa ranar 9 ga Janairu na sayo akwatin gilashi na kifin ado, da tsakuwarsa, da matatar ruwa, da ɗan famfon iska mai fitar da kumfa. Ina so kwamiti ya sani cewa kafin wannan rana ban taɓa hulɗa da kifi ba sai a faranti.

2. Akwai mace-macen da ba na ɗora wa kwamiti, kuma adalci ne in ware su. A cikin kwalin da akwatin ya zo akwai takardar da ta ce a cika ruwa, a kunna matatar ruwan, a bar akwatin ba kifi na wasu makonni har ruwan ya zauna. Na karanta wannan bayani mai amfani ne bayan na binne rukunin farko. Ranar da na kawo akwatin, ranar na wanke tsakuwa da garin sabulu har tana ƙamshi, ranar kuma na juye jajayen kifaye takwas a ciki, na tsaya ina riƙe da ƙugu ina jiran yabo. Mako bai zagayo ba duk suka juya ciki sama.

Rukuni na biyu karamci ne ya kashe su. Kullum gidanmu ba ya rabuwa da masu zuwa duba Baba: tsofaffin abokan aikinsa, da gwaggonina, da surukai. Duk wanda ya gaishe shi bai samu amsa ba, sai kunya ta kama shi, ya rasa abin yi da hannunsa, ya ɗauki gwangwanin abincin kifi ya barbaɗa. Ranka ya daɗe, da wane baki zan ce wa yayar mahaifina ta ajiye gwangwani? Ni ma ɗin sau uku nake ba su a rana, a bisa aƙidata cewa ba mai rai da zai kwana da yunwa a gidana. Ruwa ya koma kamar na wanke-wanke. Da na ga haka sai na ciro soson matatar ruwan na dirje shi har ya yi fari tas, ashe a cikinsa ne ƙananan halittun da ke tsabtace ruwan suke zaune. Maiɗakina ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa ganin na wanke wani abu da zuciya ɗaya haka ba, kuma shi ne abu guda a gidan da bai kamata a wanke ba.

3. Kifi ɗaya ne ya tsallake duk wannan kulawa tawa. Wani baƙi ne mummuna mai faffaɗan baki, wanda mai shago ya ba ni gyara. Ba ya iyo kamar sauran, sai dai ya manne a jikin gilashi yana lasa. Wata safiya ina ɗaure takalmi zan tafi ofis, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna shi, ya ce Kwandasta. Wannan ce kalmar farko da muka ji daga bakinsa tun da ya kwanta. Maiɗakina ta saki kofin shayi, ni kuma na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuskar da ba ta yi datti ba.

Tun daga ranar Baba yake magana. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, a karkace, amma suna fitowa. In na dawo aiki yakan ba ni rahoton inda Kwandasta ya wuni, ya kuma yi masa faɗa a kan yawan maƙalewa a ƙofa. Ni ma na yi hankali. Na ɓoye abincin a saman kabad, na ajiye wa baƙi gwangwanin da na toshe ramukansa daga ciki, su girgiza son ransu su tafi da ladansu. Na sayo ƙananan kifaye huɗu kacal, kuma ina alfaharin sanar da kwamiti cewa sun kusa cinye watan Fabrairu da ransu.

4. A nan ainihin ƙorafina yake. Ranar 27 ga Fabrairu mai kula da gini ya wanke babban tankin da ke saman rufi, ya zuba masa maganin kulorin mai yawa, ba sanarwa a allo, ba ƙwanƙwasa ƙofa. A ranar ce nake sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan akwatin, kamar yadda a ƙarshe na koya. Da ma nakan tari ruwa ya kwana a bokiti kafin in zuba, don maganin da ke cikinsa ya fice, kuma ga ruwan famfonmu na kullum hakan yana isa. Ranar na ga bokitin bai cika ba, na ƙarasa da na famfo, na juye a akwatin. Ban gama warware hannun riga ba sai ga kifaye a saman ruwa suna haki.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Na tsoma tiyo, na zuƙa da baki don ruwan ya fara fita, na haɗiyi abin da ba zan bayyana a takardar hukuma ba. Na cafke Kwandasta na jefa shi a tukunyar miya da ruwan gora. Sannan na ruga shago neman ƙarin ruwan gora da silifas wari daban-daban, na bar bakin tiyon a gefen bokiti maimakon cikinsa. Ruwan ya bi ƙasan falona ya sauka ta silin ɗin maƙwabcina tela da ke ƙasa, ya sami farin yadin wata da ta kawo masa ɗinki. Ƙananan nan huɗu sun mutu, Kwandasta kuwa ya tsira. Na je na ba tela haƙuri, na kuma ɗauki burushi da kaina zan shafe masa silin, har sai da ya roƙe ni don Allah in sauko in bar wa masu sana'ar. Yanzu muna gaisawa lafiya.

5. Kwamiti ya zauna a kan maganar ba tare da an kira ni ba. Takardar ta ce akwatin hatsari ne ga gini. Da dukkan girmamawa, akwatin nan bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba. Hatsarin ni ne, kuma ni ba a ce in fita ba. Ban ga kuma inda takardar ta ambaci kulorin ɗin da aka zuba ba sanarwa ba, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba da ya duba waɗannan buƙatu:

(a) A janye umarnin ranar 6 ga Maris.

(b) A umarci mai kula da gini ya riƙa manna sanarwa kwana guda kafin ya zuba magani a tanki.

(c) A nawa ɓangaren, na amince kada in sake taɓa tiyo sai maiɗakina tana tsaye a kaina. Ta riga ta karɓi wannan muƙami da farin cikin da ya ɗan ba ni tsoro.

(d) Idan kwamiti ya ga duk da haka sai an fitar da akwatin, ba zan yi jayayya da hukuma ba. Amma Baba bai san da wannan umarni ba har yanzu. Na ja kujera kusa da shi ba sau ɗaya ba da niyyar in faɗa masa, sai ya riga ni, ya kama hannuna ya nuna mini gilashi yana ƙoƙarin haɗa kalma, ni kuma in ɓige da tambayarsa ko zai sha shayi. A wannan hali ina roƙon Shugaba ya hawo hawa na biyu da kansa, ya zauna a kujerar nan, ya faɗa masa. Ni dai na gwada, bakina ya ƙi.

Ina fatan za a dubi wannan koke da idon rahama. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da haƙurin zama da irinmu.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Mazaunin Gida Mai Lamba Tara,
wanda aka fi sani da Ministan Ruwa.