Ranar da Na Daina Wasa da Nasiru

Zuwa ga Inno, uwar gidana, wadda ta riga ni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan Allah ya yalwata miki makwancinki, ya sanyaya shi. Mu nan Tambuwal muna nan yadda kika bar mu, sai dai ƙarfi da ke raguwa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai magana a ƙirjina game da jikanmu Nasiru, kuma ban da ke ba ni da wanda zan gaya wa. In wasu sun karanta, su karanta, ni dai da ke nake.

Kin tafi yana tsakiyar karatun harhaɗa magunguna. To, ya gama, ya yi aikin koyo, ya yi bautar ƙasa. Na ɗauka shi ke nan, zai dawo ya zauna kusa. Sai ya ce akwai wani horo da ake yi wa sababbin masana magunguna a cikin babban asibiti, na shekaru, ba watanni ba. Ba zaman bayan taga ba ne ana miƙo ƙwayoyi. Za su riƙa zagaya majiyyata tare da likitoci, gado bayan gado, suna duba abin da aka rubuta wa kowa: wannan ya yi yawa ga mai ciwon ƙoda, wancan ba ya haɗuwa da wancan. Ga jarrabawa hawa-hawa. Mutane kaɗan ake ɗauka, wanda kuma ya bari a tsakiya da wuya ya sake samu. An ɗauke shi, can kudu, ƙetaren kogin Kwara.

Kin san abin da ya kai shi. Ke ce. Ƙwayoyin ciwon gwiwar nan da kika yi shekaru kina saye a faranti ranar kasuwa tun muna Kebbe, su suka cinye miki ƙoda ba mu sani ba. Shi ya tsinci ledojin ƙwayoyin a ƙarƙashin tabarmarki. Tun daga ranar yaron bai koma yadda yake ba.

Kina tuna ranar da aka kawo mana shi a kan babur, bayan rasuwar mahaifinsa, ƙafafunsa ba su kai matakin ba? Kika cafe shi kina cewa, “Mi nika yi da tsoho, ga angona ya taho?” Ni kuwa na sa masa Ɗan-ƙwace, tun da ya ƙwace mini mata. Shi kuma tun da bakinsa ya buɗe bai taɓa kirana da wani suna ba sai Tsoho.

Haka muka girma ni da shi. Na yi aikin hedimasta, yaran gari suna ganina suna ɓuya, amma shi ya sace mini hula ya sa wa akuya. In na kai loma ya ce na cika ci. In ya ci jarrabawa in ce malaman ne suka ji tausayinsa. Duk wata magana mai nauyi ta hannunki take bi. Ke kike gaya masa ina alfahari da shi, ke kike gaya mini yana kewata. Mu namu wasa ne, kamar yadda jika da kaka suka gada. Ban lura ba cewa ba mu da wani harshe sai shi, sai da kika tafi.

Ko ranar da zai tafi horon, a tasha, cewa na yi ya tafi ya ba ni wuri in sha furata ni kaɗai. Ya ce in yi ƙoƙari kada in mutu kafin ya dawo, don ba ya da kuɗin likkafani. Muka yi ta dariya har mota ta tashi. Na dawo gida na rufe ƙofa.

Da damina na faɗi a ƙofar masallaci. Idona ya yi rauni, na sha maganin hawan jini na koma na sake sha, ina tsammanin na sukari ne. Ba komai, goshi ne kawai ya fashe. Amma maƙwabcinmu Malam Garba bai iya riƙe baki ba, ya buga masa waya.

Bayan la’asar sai ga kiransa. Ya ce zai ajiye horon ya dawo, ya nemi aiki a asibitin nan kusa, ko ya buɗe kantin magani a bakin kasuwa. Na yi abin da na iya. Na ce, “Ɗan-ƙwace, wadda kake zuwa dominta ta tafi, mi za ka zo yi?” Bai yi dariya ba. Ya ce, “Tsoho, ban da wasa.” Inno, tun da aka haife shi bai taɓa ce mini haka ba.

Ina son ya dawo. Allah ya sani ina so. Gidan nan ya yi shiru har ina jin tafiyar ƙadangare a kan kwano. Da na yi shiru kawai, da yanzu yana nan yana ɗaura mini zare a kwalaben magani don in riƙa bambance su. Amma sai na tuna ki a kan gadon asibiti, ƙafafunki sun kumbura, na tuna matan Fakku da Sanyinna nawa ke sayen irin ledojin nan har yau.

Sai na kira shi da sunansa na yanka, da muryar da nake yi wa ɗalibai. Na ce, “Nasiru, in ka baro wurin nan saboda ni, ban yafe ba.”  Can ya ce, “To, Baba Malam.”

Ya zauna can. Ya ci jarrabawar farko. Ya sa wata ma’aikaciyar jinya tana leƙo ni ranar Juma’a tana rarraba mini magani. Yana kirana ba fashi, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi awon jinina, ya tambayi me na ci. Baba Malam kaza, Baba Malam kaza. Jika mai biyayya, kowa na yaba shi. Amma wanda ke ce mini Tsoho ya tafi, kuma ni na kore shi da bakina. Da kina nan, da kin zaunar da mu kin yi mana tsiya mu biyu har mu koma yadda muke. Ni ban san hanyar komawa ba.

Makon jiya ya turo hoto, Malam Garba ya nuna mini. Yana tsaye cikin farar riga da ta yi masa yawa, ya rame, wuyansa kamar na zalɓe. Wata tsokana ta zo mini har bakin harshe, Inno, kuma mai kyau ce, da kin yi dariya har ki riƙe ciki. Da ya kira sai na haɗiye ta. Na ce Allah ya yi albarka. Ya ce amin.

Allah ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba shi ikon kammalawa, ya sa hannunsa ya zama sanadin lafiyar bayinsa. In ina da rabon ganin ranar, alhamdulillahi. In kuwa babu, Allah ya sa ya gane abin da nake nufi da waccan magana, ya yafe mini ita.

Naki, mai jiran lokacinsa,
Malam.