Jar Fitilar Motar Nehemiya

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Yau na fitar da Bitil, tsohuwar motar mijina Nehemiya, karo na farko tun da muka binne shi a watan Janairu. Da ƙyar ta tashi. Ƙamshin man gashinsa na nan a ciki. Na daɗe riƙe da sitiyari kafin na iya sa giya.

Muna dawowa daga coci, a cunkoson Titin Faransa, wata jar fitila ta fara ƙyaftawa a cikin agogon gudu. In na taka totur sai ta mutu, in na saki ta dawo. Felicia maƙwabciyata na gefena, ta ce, "Maman Nelson, wannan ba ta baƙin mai ba ce?" Na ce ban sani ba. Tun aurenmu ban taɓa buɗe bayan motar nan, inda injin yake, ba. Aikinsa ne.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na zaro sandar auna mai kamar yadda nake ganin yana yi. Mai a cike yake, garau kamar man gyaɗa. To mene ne kuma?

Nelson ya kira daga Abuja. Ya ce in sayar da ita in koma wurinsu, wai tsohuwar mota da tsohon gida sun yi mini yawa. Na ce masa ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kai ta Fagge, garejin Malam Kyari, bakaniken da ya riƙe motar nan tun Nelson yana goye. Da ya hango ta sai ya miƙe daga benci da fara'a, sannan ya ga ni ce a ciki. Ya cire hula ya mayar. Ya sake yi mini ta'aziyya kamar bai zo gida ba.

Ya ce irin wannan inji ba shi da lagireto, iska da mai ne kawai ke sanyaya shi, shi ya sa ba a wasa da jar fitilar. Wataƙila ɗan makunnin fitilar ne ya lalace yake ƙarya. Ya cire shi, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. Da sanyi allura ta hau sosai. Muka bar injin ya yi zafi, sai ta riƙa sauka a hankali har ta kusa kwanciya. Ya ce, "Ba ƙarya take yi ba."

Ya murza man a yatsunsa. "Wa ya zuba mata wannan ruwan?" Sai na tuna. Nelson ne, makon jana'iza, ya kai ta gidan mai aka zuba mata irin na sababbin motoci, mai tsada. Don ya kyauta wa babansa ne. Malam Kyari ya ce a zafin Kano wannan man yana tsinkewa, ba ya riƙe tsohon ƙarfe.

Na bar ta can. Wurinta a tsakar gida fayau, sai tabon mai a siminti.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ban buɗe shago ba. Ban yi komai ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na koma gareji. Ya kwance faranti a ƙasan injin, ya nuna mini wata 'yar rariya, ita ce duk matatar man motar. A cikinta akwai burbushin ƙarfe mai ƙyalli. Ya ce ƙarafan da ke riƙe da karansha, sandar da ke juyawa a cikin injin, su ne suka cinye, mai yana zurarewa ta gefensu. Mai kauri, wanda ake kira ashirin da hamsin, zai rufe giɓin na wani lokaci, amma magani sai an sauke inji.

Na ce ai bara kusan kowace Talata Nehemiya yana kawo ta, yaya ba a gani ba? Sai ya hau goge sifana wadda ya riga ya goge.

"Maman Nelson, ba motar yake kawowa ba."

Ashe asibiti suke zuwa. Zuciyarsa. Tun damina likita ya gaya masa ta kumbura. Yakan zo Fagge, ya ba Malam Kyari makulli ya tuƙa shi, saboda jiri yana ɗibarsa a hanya. Magungunan ma a garejin yake ajiye su, a cikin akwatin kayan aiki. Nehemiya ya ce masa kada in ji sai an gama bikin 'yarmu Sophia, kada in yi bikin da kuka. Aka yi biki a Disamba, ya yi rawa har mutane suna tafi. Janairu ya faɗi a bakin famfo.

Na ce, "Kai ma ka iya kallona ranar biki kana cin shinkafata?" Ya ce, "Amana ya ba ni." Idonsa ya kawo ruwa. Ban tausaya masa ba. Na fito na bi ta Kantin Kwari da ƙafa, masu dako suna ta yi mini tsawa in kauce.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban je coci ba. Da wa zan yi faɗan? Gado ɗaya muke kwana. Ina tambayarsa yaya mota, yana cewa da sauƙi.

Talata, 15 ga Afrilu

Sophia ta kira, na kusa gaya mata. Sai ta ce tana jin tashin zuciya da safe, tana dariya, tana jin kunya. Na yi mata murna. Na haɗiye maganar. Da na ajiye wayar na ga abin da na yi yanzun nan, na zauna a ƙasa.

Har yanzu ina jin haushinsa. Amma dai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Malam Kyari ya zo gida da kansa, da galan biyu a hannu. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ɗaya irin wanda Malam Nehemiya yake saye ne tun da, mai lamba arba'in, ɗaya kuma ashirin da hamsin, ya fi riƙe jiki in inji ya yi zafi, kuma ba ya daskarewa da safe. "Da shi nake shawara. Yanzu ke ce."

Na ce wanne zai kashe fitilar? Ya ce na biyun, amma kada in ɗauka ta warke don ta daina nunawa.

Na ce a zuba shi, bayan Ista kuma a sauke injin a duba komai, ina tsaye. Ba na son a sake ɓoye mini abin da ke ciki. Ya ce to. Na kawo masa ruwa. Ya sha a tsaye.

Lahadi, 20 ga Afrilu, Ista

Fitila ba ta kama ba, har a cunkoso. Na yi kuka a waƙar farko, ta biyun na rera.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jibi za a sauke inji. Nelson ya sake kira, na ce masa ba yanzu ba, kuma ban yi ƙaryar ƙofa ba.

Da safe zan je kasuwa, na ga na gaji da miƙe ƙafa ina neman kulac da kan yatsa. Kujerar tana inda ya bar ta, daidai dogayen ƙafafunsa. Duk kwanakin nan filo nake sawa a bayana. Na lalubi ƙarfen da ke ƙasa, ya yi tsatsa, sai da na sa ƙarfi. Ta matso gaba.

Don kulac ɗin ne kawai.